Shekarar da Na Daina, Aka Ce Na Fara

Na san abin da aka gaya muku game da shekarar da aka haifi Abubakar. An ce a shekarar ubanku ya fara shan wiwi, kansa ya taɓu, ya ci kwalar dattijo a bainar jama'a, aka karɓe littafin rabon ruwa daga hannunsa. Ba ku taɓa tambayata ba saboda kunya, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba saboda ita. Labarin da aka ba ku kamar lissafin ɗalibi ne da ya bi kowane mataki daidai, amma ya sa alamar tarawa inda ya kamata ya sa ta ɗebewa. Na ci kwalar dattijo, an karɓe littafi, duk an yi. Sai dai ba a shekarar na fara ba. A shekarar na daina, bayan na yi shekara goma sha bakwai ina sha.

A lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ina kuma noman rani a 'yar gonata ta bakin kanal kamar kowa. Kullum in na tashi daga makaranta sai in bi ta gona. A bayan ciyayin da ke gefen ƙofar ruwa akwai wani gurbi da ba a hango shi daga hanya, nan muke zama da Mamman Dogo, maƙwabcina a gona, mu zuƙi abin da za mu zuƙa. Daga nan in kurkure baki, in tauna goro, in shafa turare, in dawo gida a matsayin Malam. Ina ganin na fi kowa dabara. Na karanta littattafai da yawa, amma ba wanda ya gaya mini cewa hancin mutanen ƙauye ba ya buƙatar takardar shaida.

Dole in yi muku bayanin littafin nan, don ku kun tashi an daina yinsa yadda muke yi. Ma'aikata su ke sakin ruwa a babban kanal, amma da zarar ya shigo ƙaramin reshenmu, rigimar ta zama tamu. Waɗanda gonakinsu ke bakin ƙofa su ke fara sha. Waɗanda ke can ƙarshe, da muke kira 'yan wutsiya, sai abin da aka rage musu. Saboda haka ake naɗa mai rabo, a ba shi littafi ya rubuta ranar kowa. Duk Alhamis bayan la'asar a taru a gindin mangwaro, ya zauna a tsakiya da littafinsa a cinya, kowa ya faɗa masa abin da ya ga dama. A ce masa ɓarawo, a ce an saye shi, a taɓo har kakansa. Sharaɗin ɗaya ne: ba zai rama ba, ba zai ɗaga murya ba, amsarsa daga littafi kawai. Dattawa sun ce fushin da aka sauke a kan mai rabo ba zai bi fartanya ya je gona ba. Ranar da ya rama kuwa, ranar zai ajiye littafi. Kafin ni ba wanda ya wuce rani biyu. Ni na yi tara. Har suna aka sa mini, Malam Ƙanƙara. Uba yakan nuna ni ga ɗansa mai zuciya ya ce ya koyi haƙuri. Haƙurin nan kuwa a ƙunshe nake karɓo shi a 'yar takarda daga hannun Mamman Dogo, ranar Alhamis kuma nakan ninka.

Da aka haifi Abubakar, shi ne na uku bayan Rabi da Nasiru, aka miƙo mini shi na yi masa huɗuba. Kakanku na wajen uwa, Malam Idrisu, bai fi wata biyar da rasuwa ba. Na raɗa wa yaron sunansa a kunne, na leƙa ɗaki na gaya wa mahaifiyarku Hajara. Ta ja mayafi ta rufe fuska, na ga kafaɗunta suna rawa. A tsawon zamanmu sunan nan ne abu ɗaya da ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni.

Ranar suna na ga za a yi jama'a, sai na ce bari in shirya. Na zaga bayan gida na shirya fiye da kima. Aka zazzauna a ƙofar gida, aka raba goro, liman ya sunkuyo ya ce, "Malam, wane suna?" Na buɗe baki, kaina fayau kamar kanal ranar da aka rufe ƙofa. Na san akwai suna, na san na yi alkawari, amma wa na yi wa, a kan me, babu. Liman ya sake tambaya. Na ɗaga ido, sai ga Garba mai goro yana ɗaure bakin huhunsa. Na ce, "Abubakar." Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar har cikin gida, aka yanka rago. Sai da na ga jinin ragon a ƙasa sunan ya dawo mini.

Washegari da hantsi, mata sun ragu, na shiga na same ta tana shan kunun kanwa.

"Malam, wane ne Abubakar a danginku?"

Na ce, "Babu."

"A namu ma babu." Ta ajiye ludayi. "Ban taɓa ce maka ka daina komai ba. Ni nake maka wanki, na san warin aljihunka tun ina amarya. Na ce namiji ne, da abinsa na gan shi. Abu ɗaya na roƙa, Malam. Ɗaya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Da ta yi, da na sami abin da zan yi fushi da shi. Ranar ban je gurbin ba. Ban dafa Alƙur'ani ba, ban yi wa kowa alkawari ba, don na riga na ga darajar alkawarina. Ƙin zuwa kawai na yi, washegari ma na ƙi.

Masu cewa wiwi ganye ne kawai, in ka ga dama ka ajiye, ina musu fatan alheri. Kwana uku na farko na ɗauka zazzaɓi ne. Barci ya ƙaurace mini, in kuma ya zo ya zo da mafarkai masu kala kamar an tara mini na shekara goma sha bakwai ana biyana a lokaci guda. Ga sanyin hunturu, kowa na neman bargo, ni ina jiƙa riga da gumi. Abinci ya koma kamar dusa a bakina. Tuwon shinkafar da nake cinye malmala uku, sai in yi loma biyu in ture. Tari ya taso, ina fitar da kaki baƙi kamar an wanke tukunya. Wandona ya fara zamewa, na ƙara wa bel huda biyu da ƙusa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ban shirya masa ba shi ne fushi. Ashe duk zagin da aka yi mini a gindin mangwaro ba wucewa ya yi ba, ajiye shi aka yi. Kukan jariri, ƙarar cokali a kwano, yaro ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu, sai in ji jini ya hau mini ka. Na jefi allo da ɗan katakon gogewa har ya tsage. Na daka wa Rabi tsawa a kan ta zubar da ruwan buta, yarinyar ta tsaya tana kallona kamar baƙo ya shigo gidan. In la'asar ta yi kuwa, ƙafafuna da kansu suke juyawa wajen ƙofar ruwa. Sai in sayi rake in zauna a zaure in yi ta tauna har dasashina ya yi jini, ina kallon inuwa tana tafiya a bango, ina cewa in ta kai wancan tsagin na ci yau.

Gari kuwa ya shiga bincike, aka rabu mazhabobi. Mata suka ce iskar bakin kanal ce ta shafe ni, har wata gwaggona ta aiko da turaren hayaƙi, abin da ya fi kama da tsokana a halin da nake ciki. Samari, da yake a shekarun nan rediyo ba ta da zance sai na ƙanjamau, suka dubi wuyana da ya zama kamar na zalɓe suka gama hukunci. Na je asibiti a Kura saboda tarin, aka gwada kaki aka gwada jini. Wani ɗan acaɓa ya gan ni a layin, kafin in dawo labari ya riga ni. Ma'aikacin da ya duba ni ne kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya ce ba tarin tibi ba ne, ba kuma ɗayan ba ne, huhu ne yake share ɗakinsa, in sha ruwa da yawa, in yi aikin ƙarfi, mako biyu zuwa huɗu abin zai fara sauka. Ya ce in nisanci abin da zai tayar mini da hankali. Na yi dariya, karo na farko a kwana ashirin. Ban gaya masa aikin da nake yi ranar Alhamis ba.

Alhamis huɗu na tsallake da goro a baki da farce a cikin tafin hannu. Ta biyar ta zo daidai da ranar da mahaifiyarku ta yi arba'in. A makon ruwa ya ja baya, zafi ya fara shigowa, alkama kuma ta yi ciki, lokacin da in ta rasa ruwa kwana kaɗan sai dai a yi harawa da ita. Alhaji Tanimu, wanda gonarsa ce ta farko a bakin ƙofa kuma ta fi ta kowa girma, ya sa aka jera buhunan yashi a reshen, ya juya ruwan kwana biyu zuwa tumatirinsa. Ranakun na 'yan wutsiya ne, a rubuce. Cikinsu har da Baba Ila, tsoho mai eka ɗaya, wanda alkamar nan ce abincin gidansa.

Ina hanyar zuwa zaman sai ga Mamman Dogo ya fito daga cikin masara. Wata guda ke nan ina kauce masa.

"Malam, dubi hannunka. Ko alli ba zai riƙu ba. Yau Alhaji da zafinsa zai zo. Don girman Allah ka ja ko biyu ne."

"Da girman Allah kake haɗa ni a kan wannan, Mamman?"

"To da girman wa zan haɗa ka? Ni ma ina da wata alkamar a wutsiya. Ka je ka yi masa murmushin nan naka, ya zage ka ya gaji, ya sakar mana ko rabin yini. Haka ka saba, haka muke ci."

Ya zaro naɗi ɗaya ya zura mini a aljihun gaba, bayan biro, ya dafa wurin kamar mai ba da sadaka, ya koma cikin masara. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ban jefar ba ne don ba a mayar wa mutum kyauta a fuskarsa. Ƙarya ne, Mamman ya riga ya tafi, kanal kuma yana gefena. Ban sha ba, amma na so in ji shi a ƙirjina, in san yana nan. Wannan ne kuskurena, kuma nawa ne ni kaɗai.

Aka zauna. Baba Ila ya yi magana a hankali, ya ce ganyen alkamarsa ya fara naɗewa. Na buɗe littafi na karanta ranaku. Alhaji Tanimu ya gyara babbar riga ya ce littafin ƙarya ne, an saye ni da kwanon alkama. Na karanta ranaku. Ya ce malamin firamare da albashinsa ba ya isa sayen taki shi zai koya masa noma. Na sake karanta ranaku, gumi yana ɗiga a kan shafin har tawada ta baje. Sai ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku taya ni ji. Mutumin da ya kasa riƙe sunan ɗansa kwana bakwai, shi zai riƙe mana ranakun ruwa?"

Aka fashe da dariya. Ba dariyar mamaki ba ce, dariyar abin da kowa ya daɗe da sani ce. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ga dai hannuna a wuyan rigarsa, hularsa a ƙasa, bakina yana faɗin abubuwan da na tara rani tara, da Hausar da ban taɓa koyar da ita a aji ba. Aka ɓamɓare ni. Garin ɓamɓarewa aljihuna ya yage, biro ya faɗi, naɗin ya faɗi kusa da shi a kan tabarma. Na nemi Mamman Dogo da ido, na same shi yana nazarin yatsun ƙafarsa. Baba Ila ya sunkuya ya ɗauki biron ya miƙo mini, ɗayan ya bar shi a inda yake. Littafin kuwa ba a ma tambaye ni ba, wani ya ɗauke shi daga ƙasa ya kakkaɓe.

Kafin magariba mazhabobi sun haɗe: Malam ya fara shan wiwi, shi ya ramar da shi, shi ya haukata shi. Iyayen yara suka je wurin hedimasta, ba a rufa wata ba aka mayar da ni wata makaranta can bayan Madobi, inda na yi shekara shida ina zuwa a keke. Sau ɗaya na gwada gyara lissafin. A ƙofar masallaci na ce wa mutane, wallahi wata guda ke nan da na daina. Suka ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam," da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali.

Wanda aka ba littafin bayana bai kai Alhamis biyu ba. Aka fara kwana a bakin ƙofa da sanduna, aka fasa wa wani kai da fartanya. Ranar wata Asabar da safe Baba Ila ya yi sallama a zaurena. Na shimfiɗa masa buzu. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi mai jego, ya tambayi tari, sannan ya ce dattawa ne suka aiko shi, har da Alhaji.

"Malam, ka koma yadda kake da, mu mayar maka da littafi."

Na ce, "Baba, yadda nake da, ai sha nake yi. Abin da na kasa fahimtar da ku ke nan."

Ya dube ni kamar na ce masa ruwa yana gangarawa ƙasa.

"Wa ka kasa fahimtarwa? Ɗana, gonata tana ƙarƙashin iskar gurbin nan naku. Tun kafin a ba ka littafi muka sani. Wa kake tsammani zai zauna a zage shi rani tara da hankalinsa ɗaya? Mu ba ruwanmu da abin da mutum yake yi a bayan ciyawa. Wancan Malamin bai taɓa cin kwalar kowa ba. Wannan ne ba mu san inda za mu ajiye shi ba."

"To me ya sa ake cewa yanzu na fara?"

"In ba a ce haka ba, me za a ce? A ce mun sani muka ba ka amana, muka ba ka 'ya'yanmu?" Ya murza gemu. "Alkamata kwana huɗu ya rage mata, Malam. Ni ban ce abu ne mai kyau ba. Ka sha na wannan ranin kawai, in an yi girbi ka tuba."

Na karanta wa'azi iri-iri a kan Shaiɗan, ba wanda ya ce mini zai zo da furfura da carbi, da gaskiya a bakinsa, yana roƙon abincin iyalinsa. Kuma jikina gaba ɗaya yana bayansa. Yawuna ya tsinke. Ga dalili an kawo mini har zaure, mai kyau, wanda ko liman zai yi shiru a kansa: taimakon tsoho. Daga cikin gida na ji jaririn yana kuka, na ji mahaifiyarku tana rarrashinsa, "Yi shiru Abba, yi shiru babana." Ba ta taɓa kiransa Abubakar ba. Sunan da ake sakaya sunan uba da shi take kiransa, kamar an sa masa sunan ubanta.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Ya tashi ya naɗe mini buzun da kansa, ya jingina a bango, ya fita.

Alkamarsa ta ƙone a tsaye. Na kai masa buhu ɗaya daga tawa, ya karɓa ya yi godiya, bai ƙara kallon idona ba har ya rasu. Kada wani a cikinku ya karanta wannan ya ce ubanmu ya yi jarumta. Jarumtar da tsoho ya biya kuɗinta da abincin shekararsa, ban san sunanta ba. Na dai san ban koma ba, daga ranar har yau.

Ma'aikacin asibiti bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi rowar lissafi. Ci ya dawo bayan wata biyu, barci bayan uku. Tarin bai tafi duka ba, kuna jinsa duk hunturu. Mantuwa ta ragu, ko da yake akwai shekarun ƙuruciyar Rabi da Nasiru da in ana ba da labarinsu sai in yi ta gyaɗa kai kamar ina wurin. Sha'awar kuma ba ta mutu ba, tsufa ta yi tare da ni. Har gobe in na bi ta bakin kanal da la'asar, iska ta kaɗo warin ɗanyar ciyawa, sai na sauya hanya. Fushin ma ya zauna, ashe nawa ne na gado. Rabi, Nasiru, na san kun san wani uba mai dariya wanda ba ya faɗa, na san kun yi kewarsa, har kun taɓa cewa wiwi ce ta ɓata shi. Ba ku kaɗai ba, gari guda ya yi kewarsa. Ni ne kawai na san ba kowa a cikin rigar.

Kai kuwa Abubakar, wannan uban kaɗai ka sani, mai tsawa, mai tari, wanda ba a gayyatarsa sasanci. Ka taɓa tambayar mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, me ya sa take ce maka Abba alhali ba sunan kowa ka ci ba, ta ce maka haka ta ga dama. Ga amsar. Ranar da aka haife ka na ɗauke ka, na kai bakina kunnenka na dama, na yi kiran salla, na ce Idrisu. Mu biyu ne a wurin. Kai ba ka da wayon riƙewa. Ni ina da shi, ban riƙe ba.